Kyamara A Filin Wasa: Ɗauki Naka, Ka Bar Na Wani

 

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a yau wata muhawara ce da ta tashi a gidan rediyonmu bayan Salla, cikin shirin da muke buɗe layi ga masu saurare. Wani Alhaji mai sayar da atamfa ya bugo ya ce shi kam ya yanke shawara, daga bana duk ranar da zai kai iyalinsa filin wasa kowa zai bar wayarsa a gida. Dalilinsa kuwa, ya biya kuɗin mota, ya biya kuɗin ƙofa, ya biya kuɗin lilo, amma tun da suka shiga har suka fito kan kowa yana sunkuye bisa fuskar waya, ana ta ɗaukar hoto ana gogewa. Bai gama sauka daga layi ba sai ga wata Hajiya daga tsallaken iyaka, ta ce: "Haba Alhaji, in kun bar waya a gida, mu kakanni da ƙafa ta hana mu zuwa, da me za mu ga jikokinmu bisa lilo?" Daga nan layi ya cika, wasu na bayan Alhaji, wasu na bayan Hajiya, har lokacin shiri ya ƙare ba a daidaita ba.

Mu dai ra'ayinmu shi ne a tafi da kyamara. Amma duk wanda zai tafi da ita ya san cewa iyalinsa ya je ɗauka, iyalin wani kuwa ba shi da haƙƙin ɗaukarsu sai da izini. A nan ne babbar ɓarnar take, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta.

Bari mu fara ba Hajiya gaskiyarta. Ɗan kasuwar iyaka mutum ne da danginsa suke warwatse, mahaifiya a Katsina, ƙanwa tana aure a Tasawa, ɗa yana karatu a Yamai. Mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka sake rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin Yuli na 2023 har zuwa Maris na 2024. A waɗannan watanni an yi haihuwa, an yi suna, an yi Salla, kuma kakanni da yawa ba su san kamannin jikokinsu ba sai ta hoton da aka turo musu a WhatsApp. Ga kuma tsadar tafiyar kanta. Mutumin Maraɗi da ya ɗebi yara ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai, ya shigar da su gidan kallo na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda ke nan tun 1959, suka ga zaki da dorina, suka tsaya gaban ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a hamadar Agadas, suka ga itaciyar Tenere wadda mota ta buge a 1973, ai bai kamata a ce ya dawo ba shi da abin nunawa ba. Haka wanda ya kai nasa gidan zu na Kano, ko filin wasan Wonderland da aka buɗe a Abuja a 2007, wanda daga baya aka sake wa suna Magicland. Irin wannan tafiya wani yaron sau ɗaya zai yi ta a ƙuruciyarsa. Gani ya kori ji, hoto kuma shi ke riƙe wa mutum abin da ya gani.

To, ina gizo ke saƙa? Mu da muka haura shekara arba'in mun san lokacin da hoto yake da tsada. Kyamara ta fim ce, hoto 24 ko 36 take ci, daga nan sai a kai situdiyo a wanke, a jira kwanaki, a biya kuɗin kowane ɗaya. Saboda haka ba wanda zai ɓata fim ɗinsa a kan mutumin da bai sani ba. Mai hoto sananne ne, yana rataye da kyamararsa a wuya, sai ka kira shi, ka gyara hula, uwargida ta gyara mayafi, sannan ya danna. Tsadar fim ita ce ta riƙa tsare mana mutunci ba mu sani ba. Yau kuwa kamfanin Kodak da ya mamaye duniya da fim ya durƙushe tun 2012, kyamara ta koma cikin aljihun kowa, ɗauka kyauta, turawa kusan kyauta. Abin da kuɗi ke hanawa a da, yanzu sai tarbiyya ce kaɗai za ta hana shi.

Za mu ba ku labari guda, ba tare da kiran suna ko gari ba, domin mai shi ya yarda a faɗa don wasu su ɗauki darasi. Wani bawan Allah mai rumfar hatsi ya same mu a gidan rediyo ransa a ɓace. Ƴarsa, wadda an riga an sa mata rana, ta raka ƙannenta wani filin wasa ranar yawon Salla. Yaran suka matsa mata sai ta hau lilon nan mai juyawa sama tare da su. Da lilo ya ɗauki gudu iska ta kwashe mata mayafi, tsoro ya kama ta, ta riƙa ihu tana kiran sunan mahaifiyarta. Wani saurayi da ke tsaye a ƙasa, wanda bai san ta ba ita ma ba ta san shi ba, ya ɗauke ta bidiyo, ya ɗora waƙa a kai, ya rubuta maganar banza, ya saka a TikTok. Kafin kwana uku bidiyon ya tsallake iyaka ba tare da ya tsaya a duwan ba, ya faɗa wayar dangin mijin da za ta aura. Maganar aure ta yi sanyi, sai da manya suka yi ta kai da kawo kafin a gyara. Yarinyar da kullum take kawo wa mahaifinta abincin rana a kasuwa ta daina fita, domin yaran shaguna sun riƙa kwaikwayon ihunta in ta wuce. Mahaifin ya ce mana: "Malam, laifin me ta yi? Ƙannenta ta raka." Ba mu da amsar da za mu ba shi.

Shi saurayin nan, in ka same shi, zai ce wasa yake yi. Amma shi dariyar minti ɗaya ya samu, gidan mutane kuwa ya shiga baƙin ciki na watanni. Magana zarar bunu ce, in ji Hausawa, to hoto ya fi ta, domin ita magana ana iya musunta ta ko a manta da ita, shi kuwa hoto ko ka goge naka yana nan a wayoyi ɗari da ba ka san masu su ba.

Mun san abin da wasu za su ce, domin an faɗa mana a layi. Wani matashi ya ce filin wasa wurin jama'a ne, ya biya kuɗin ƙofa, duk wanda ba ya son a gan shi ya zauna gida. Wannan magana ɗan kasuwa ne ya fi kowa sanin rauninta. Kayan da ke kasuwa ai a fili suke, kowa na wucewa yana gani, amma gani bai taɓa halatta ɗauka ba. Kuɗin ƙofa kuɗin hawa lilo ne da kallon namun daji, ba a sayar wa kowa fuskar matar wani a cikin tikiti ba. Kuma mu tambayi kanmu, in baƙo ya tsaya gaban shagonka ya fiddo waya ya fara ɗaukar kayanka bai ce maka uffan ba, za ka ƙyale shi? Nan take za ka miƙe ka tambaye shi ko shi wane ne, wa ya aiko shi. Masu zuwa saro kaya Guwanzu ta ƙasar Sin sun sha ganin shagunan da aka manna alamar hana hoto, don kada a kwaikwayi samfurin kayansu. To idan zanen atamfa da samfurin takalmi suna da wannan kariya, ƴar mutum ba ta kai takalmi daraja ba?

Wani kuma ya ce ai a cikin cunkoson Salla ba yadda za ka ɗauki ɗanka wani bai shigo cikin hoton ba. Gaskiya ne, kuma ba wannan muke nufi ba. Kowa ya san bambancin wanda ya faɗo bayan hoto a kan hanyarsa ta wucewa da wanda aka auna shi da gangan. Mai riƙe da wayar ya fi kowa sanin wanda ya nufa. Ko a hakan ma, kafin ka watsa hoton a dandalin da mutane da yawa ke ciki, ka dube shi da kyau. In akwai matar wani a bayan ɗanka tana shayar da jariri, ko tana gyara zani, ko tana cin abinci, wayar nan da ta ɗauka tana iya yanke gefen. Aikin daƙiƙa biyar ne.

Wanda kunya ba ta hana shi ba, to ya san akwai doka. A nan Nijar dokar 2019 ta yaƙi da laifukan intanet ta tanadi hukunci a kan ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura, da kuma watsa abin da ke taɓa mutuncin ɗan Adam. Najeriya ma tana da tata dokar tun 2015. Amma waɗanda muka fi jan kunnensu su ne alhazanmu masu zuwa Dubai, waɗanda in sun gama sari sukan shiga filayen wasa da kasuwannin baje koli su huta. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ɗaukar hoton mutum ko watsa shi ba da yardarsa ba laifi ne. Dokarsu ta 2021 ta tanadi ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko tarar dirhami 150,000 zuwa 500,000, ko duka biyun. Mafi ƙarancin wannan tara ya haura miliyan 20 na sefa, wato jarin wani ɗan kasuwar gaba ɗaya. Mutum ya je saro kaya, garin ɗaukar matan mutane a bakin lilo don ya nuna wa abokai a majalisa ya ƙare a hannun ƴan sanda a ƙasar da ba ya jin harshensu. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Haka kuma a kan hanya, in an iso shingen jandarma ko na soja ko ofishin duwan, a gaya wa yara su mayar da waya aljihu, domin a halin tsaron da ake ciki ba wanda zai saurari cewa yawon Salla za ku.

Yanzu mu koma ga Alhaji mai atamfa, domin shi ma yana da tasa gaskiyar. Duk wanda ya yi aikin rediyo ya san cewa ranakun Salla su ne ranakun sanarwar cigiya. Da yamma sai ka ga an shigo da yaro yana kuka, sabbin kaya a jikinsa, bai san sunan unguwarsu ba, ko uwa ta shigo ba takalmi tana neman nata. Da yawa in ka bi diddigin yadda aka rabu, sai a ce ai tsayawa aka yi ɗaukar hoto, aka saki hannunsa, kafin a waiwayo ya bi mai balan-balan. Mutum ba ya iya kallon fuskar waya da kallon yaro ɗan shekara uku a lokaci guda. Shawararmu ita ce in manya biyu ne, ɗaya ya ɗauki hoto ɗaya ya riƙe yara. Sannan ga wani amfanin kyamara da mutane ba su cika lura da shi ba: tun a bakin ƙofa, kafin a shiga, a ɗauki kowane yaro hoto da kayan da ke jikinsa a ranar. In Allah ya kawo tsautsayi ya ɓace, nuna wa masu gadi wannan hoton ya fi a tsaya ana kwatance cikin ruɗewa. A kuma rubuta lambar waya a takarda a saka masa a aljihu.

Sai batun hawa lilo da waya a hannu. Waya ƙarama ce a aljihu, nauyinta wajen giram 200 ne, amma in ta kuɓuce daga sama a kan gudu, jifa ce, kuma wanda ke zaune a baya ko ke tsaye a ƙasa ita za ta sama. A Abu Dabi akwai wani jirgin wasa mai suna Formula Rossa da aka buɗe a 2010, wanda ke gudun kilomita 240 a sa'a, har sai an ba mahaya tabarau don kada ƙura ko ƙwaro ya ji musu ciwo a ido. Idan ƙwaro abin tsoro ne a irin wannan gudu, ina ga waya? Kamfanin Disney, wanda ya buɗe filinsa na farko a Kalifoniya ta Amurka a 1955 kuma ya daɗe yana ƙarfafa wa baƙinsa ɗaukar hoto, shi da kansa ya hana shiga da sandar nan ta ɗaukar hoton kai a 2015 saboda haɗarinta. Namu lilunan ba su kai waɗancan gudu ba, amma hannun da ya kamata ya riƙe ƙarfe ko ya riƙe yaro, in yana riƙe da waya, faɗuwa ba ta da wuya. Don haka in mai kula da lilo ya ce a ajiye waya, kada a ɗauka raini ne, kada a ce masa "ka san ko ni wane ne?" Aikinsa yake yi.

Kuma ku tuna, ƴan'uwa, wayar ɗan kasuwa ba kamar ta ɗan makaranta ba ce. Shagonsa ne sukutum. A cikinta lambobin abokan ciniki suke, da na direbobi da ƴan canji, da lissafin bashin da yake bin mutane, da hotunan rasit, da asusun da ake turo masa kuɗi. Wannan ita ce za ka ɗaga sama da hannu ɗaya a cikin cunkoson da ɓarayin waya suke jira tun watan jiya? Wanda yake da hali ya tafi da ƙaramar kyamara ko wata wayar daban, ya bar ta kasuwanci a gida ko a aljihun ciki. Wanda ba shi da hali ya tabbata ya kwafe lambobinsa da lissafinsa a littafi kafin ya fita.

Masu filayen wasa da hukumomin da ke ba su izini su ma akwai nasu. Ya kamata a kafa allo a bakin ƙofa, da Hausa da Faransanci ko Turanci, har da ajami da zane domin waɗanda ba su yi lakwal ba, a rubuta cewa an hana ɗaukar hoton wani ba da izininsa ba, an kuma hana hawa lilo da waya a hannu. A riƙa maimaita wannan a lasifika kamar yadda ake maimaita cigiya. Masu gadi su sami umurnin fitar da duk wanda aka kama yana bin mata da waya, kuma a ware wurin ajiyar kaya mai aminci kusa da manyan liluna. Sa'annan a ba masu hoto na sana'a wuri da riga mai lamba, yadda za a san su. A manyan filayen ƙasashen waje akan kafa kyamara a jikin hanyar jirgin wasa, ta ɗauki mahaya, in sun sauka wanda yake so ya saya. Mu ma masu hotonmu, waɗanda waya ta kusa kashe musu kasuwa, suna iya yin makamancin haka: su tsaya a ƙasa su ɗauki wanda ya nema, su wanke masa nan take. Uba ya sami sukunin riƙe ɗansa, mai hoto ya sami na cefane.

Wannan ya kawo mu ga abu na ƙarshe, wato wanke hoto. A gidajenmu da yawa har yau akwai hoton Sallar shekarun 1980 a cikin albam ko a ƙasan akwati, ya yi ja amma ana gane kowa. Hotunan Sallar shekara biyar da ta wuce fa, suna ina? Sun tafi da wayar da aka sace a tasha, ko wadda ta faɗa ruwa, ko memorin da ya lalace. Muna ɗaukar hoto ɗari biyu a yini ɗaya, amma yaranmu na iya girma ba su da ko ɗaya na ƙuruciyarsu. Gara a ɗauki goma masu kyau, ɗaya a ƙofa, ɗaya gaban zaki, ɗaya bayan an sauko daga lilo ana haki ana dariya, a mayar da waya aljihu a ci gaba da yawo da yara. In an dawo gida a zaɓi uku ko huɗu a kai a wanke, a aika wa kaka nata ta hannun direban da ke tsallaka iyaka. Kuɗinsu bai kai na lemun da aka sha a filin ba.

Saboda haka Alhaji, kada ka hana iyalinka tafiya da waya, ka dai kafa musu doka tun daga gida. Hajiya kuma in sha Allahu za ki ga jikokinki. Mu iyaye, mu zaunar da samarinmu kafin Salla mai zuwa mu gaya musu a fili cewa yarinyar da ke bisa lilo ƙanwar wani ce, kamar yadda tasu ƙanwar take can wani filin a gaban wayar wani. In bidiyo irin wannan ya faɗo wayarka, kada ka tura gaba, ka goge, ka kuma gaya wa wanda ya turo maka cewa bai kyauta ba, ko da abokin cinikinka ne. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya rufa mana asiri, ya shirya mana zuri'a, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.